Say ko Damagaram? Shawara nake nema kan ɗan ƙanwata

Telan Birni: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara ce ta kawo ni. Ɗan ƙanwata ya ci bak ɗin faranko-arab bana, wato jarrabawar gama sakandare ta masu karatu da Faransanci da Larabci. Ubansa ya rasu shekara huɗu ke nan, ni ne a kansa. Yaro ya kafe sai Jami'ar Musulunci ta Say, uwar kuma ta ce ga jami'a nan Damagaram, ya yi karatunsa ya kwana gida ya ci tuwon gida. Sun sa ni tsakiya, kowa bakina yake jira. Ni kuwa ɗinki na sani, ban taɓa taka anfi, wato zauren darasin jami'a, ba. Waɗanda suka zauna irin wannan wuri su gaya mini tsakani da Allah: jami'ar addini tana gyara yaro, ko allon bakin ƙofa ne kawai? In ya gama kuma, me uwarsa za ta gani, me unguwa za ta gani?

Babarbaren Gure: Wa alaikumus salam. Kawu, yanzu duk faɗin Nijar ka rasa inda za ka kai maraya sai garin Fulani? Zai dawo maka da sanda da ƙwaryar nono.

Bafulatanin Tanut: Gara ya dawo da nono da ya dawo da kanwa da dabino. Ku bar masu ilimi su yi magana, Babarbare.

Tsohon Ɗan Say: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinsa, kai kuma Allah ya ba ka ladan riƙo. Ni can na yi lisans, yanzu ina koyarwa a wata makarantar faranko-arab a nan gari, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Da farko wurin ba ƙaramin wuri ba ne. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce ta yanke shawarar kafa shi a taronta na Lahore a 1974, tare da takwararsa ta Uganda, aka buɗe ta Say a 1986. Kuma ba a banza aka zaɓi garin ba. Say garin malamai ne tun zamanin Alfa Mahaman Jobbo, a can ne ma aka buɗe madarasa ta farko ta gwamnati a 1957, tun kafin a samu mulkin kai. Tana bakin kogin Kwara, kudu da Yamai, tafiyar kilomita hamsin da wani abu.

Amma abin da ya fi zama a raina zaman ɗaki ne, ya fi mini darasin aji. Ɗakinmu akwai ɗan Mali, akwai ɗan Gine, akwai wani daga Togo. Ba mai jin harshen wani. Dole Larabci ya zama harshen neman gishiri da rancen sabulu, shi ya sa bakinmu ya buɗe da wuri. Kiran assalatu ne agogonmu. In ba a gan ka sahu ba kwana biyu, sai ka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa: lafiya? Tun ina jin haushin wannan har na gane gata ne. Ranar da masassara ta kayar da ni, ɗan Ginen nan shi ya wanke mini tufafi, shi ya dama mini kunu, ya zauna kaina har na samu sauƙi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaro ɗan shekara goma sha tara, duk inda ka ajiye shi, launin wurin zai ɗauka.

Mushe Mai Ritaya: Ustaz, ka yi bayani mai daɗi, amma ka tsallake rabin tambayar tela. Ya ce in ya gama me uwarsa za ta gani. Na yi shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli, na ga ɗaliban Larabci da yawa. Ilimi kam akwai shi, ba a musu. Sai a zo kwankur na shiga aikin gwamnati, takarda da Faransanci, hira da Faransanci, ofis da Faransanci. Mutum ya haddace nahawu kamar ruwa, a ce ya rubuta takardar neman aiki shafi ɗaya, gumi ya karyo masa. Ƙarshe sai kwantaragi a makarantar ƙauye, ko limancin masallacin unguwa, ko ya buɗe shagon turare da littattafai. Ban raina ko ɗaya ba, amma uwar maraya tana jiran buhun hatsi. A nan Zinder akwai sashen kiwon lafiya, akwai kimiyya, akwai adabi, akwai IUT, cibiyar koyon fasaha. Addini kuwa Damagaram ba ta taɓa rasa malamai ba. Ya je zaure bayan magariba ya ɗauki Risala, da safe ya tafi anfi. Ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Tsohon Ɗan Say: Mushe, ban musa muku ba, wannan ciwon mu ma muna jin shi a jikinmu. Abokaina da suka yi nisa, waɗanda suka riƙe Faransancinsu ne ba su sake shi ba. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina kada wanda ya yar da harshe ɗaya don ya ɗauki wani. Amma kiɗa ya fara canzawa. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Mushe Mai Ritaya: Harsunan aiki ka ce da bakinka. Aikin muke magana a kai.

Ɗan Anfi: Iyayena ku yi mini afuwa in sa baki, ni ƙarami ne a nan. Ina shekara ta uku a Jami'ar André Salifou, wato ta nan Damagaram, kuma ina cikin masu hidimar masallacin ɗalibai. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne yadda ake magana kamar jami'ar da ba a rubuta mata "Musulunci" a ƙofa ba filin shaiɗan ce. Wallahi ba haka ba ne. Muna da karatun Alƙur'ani tsakanin magariba da lisha, muna da buɗa-baki na haɗin gwiwa a azumi, kowa ya kawo abin da ya samu, mai ɗari biyar ya kawo, mai jika ya kawo. Sabon ɗalibi ya sauko daga Gure ko Belbeji bai san kowa ba, mu ke tarbarsa, mu nuna masa inda ake rajista, wani lokaci ya kwana tabarmar ɗayanmu har ya samu wuri. In kuɗin burs, wato tallafin karatu, suka yi jinkiri, akwai ɗan asusun da muke ranta wa juna, ba ruwa ba takarda. Bambancin kawai, a nan ba mai tilasta ka. Ga masallaci, ga fada ana shayi da karta har tsakar dare, ƙafarka ce za ta zaɓa.

Telan Birni: To ɗana, wannan zaɓin ƙafar shi nake tsoro. Fadar da ke bakin shagona na san irin hirar da ake yi a cikinta.

Ɗan Anfi: Baba, fada ai fada ce, akwai ta kirki akwai ta banza. Tamu ta ƴan aji ce, a nan muke bitar darasi.

Babarbaren Gure: Bitar darasi da butar shayi uku. Mun yarda.

Ungozomar Garin Malam: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran a zo kan maganar da ta dame ni, ban ga an zo ba. Kowa na auna yaron da abin da zai samu, ko lada ko albashi. Ni a asibiti nake kwana, bari in gaya muku abin da nake gani. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin sauro ya yi ƙamari, yara ake kawo mana fari fat kamar takarda, jini ya ƙare. Uwa ta taso daga ƙauye da goyo, ba ta da kowa a birni, ba ta jin abin da aka rubuta mata a takardar magani. A ce a kawo mai ba da jini, ta tsaya tana kallonka. Wanda ya yi aiki a sashen yara na nan ko na Magariya ya san abin da nake faɗi.

A irin wannan dare ban taɓa tambayar mutum wace jami'a ya fito ba. Akwai wasu samari ɗalibai da suka ba mu lambobinsu, in an rasa jini a kira su. Wani ya zo da gemu da wando ɗangale, wani ya zo da askin da in ubansa ya gani sai ya yi salati. Duk hannu ɗaya suke miƙawa. Akwai kuma wanda na taɓa roƙa, mai karatu sosai, ya tsaya yi mini bayanin saɓanin malamai kan ba da jini har aka samu wani ya bayar. Saboda haka Malam Tela, ni tambayata ita ce: yaron nan, yanzu da yake gida, in maƙwabci ya kwanta ciwo yana leƙawa? In an yi rasuwa yana cikin masu haƙa kabari ko cikin masu zaman tabarma? Wannan za ka duba kafin ka duba taswira.

Mu'allima: Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin taɓo wurin. Amma kada mu yi kamar wuri ba ya tasiri. Ni a sashen mata na jami'ar na yi, wanda yake Yamai. Kafin in tafi, ko gaisuwar mara lafiya kunya nake ji. A can aka saba mana da fita rukuni-rukuni, mu koyar da matan unguwa karatun sallah da hukuncin jini da wankan gawa. Da na dawo Damagaram sai na tarar a layinmu tsohuwa ɗaya ce tak ta iya wankan gawar mace, ita ma ido ya fara yi mata rauni. Yau mu biyar ne, ni na koya wa huɗun. Wannan ba a anfi na samo shi ba, kuma ba a gidanmu ba. Hali ana gadonsa, ana kuma koyonsa.

Ungozomar Garin Malam: Gaskiyarki ƙanwata. Ban ce ba a koyo ba. Cewa na yi a duba ko akwai irin da za a zuba wa ruwa.

Ɗan Matamai: Ni zan ba da labarin da ban cika son bayarwa ba. Inda na yi karatu ba zan faɗi sunansa ba, ba ma a jihar nan yake ba, kuma laifin namu ne mu ɗalibai. Muna shekara ta biyu rigima ta tashi a masallacinmu. Asalinta wa zai ja sallah in liman ba ya nan. Daga nan ta koma ƙabalu da sadalu, ta koma a yi wazifa bayan la'asar ko kada a yi, ta koma wa ke riƙe da makullin lasifika. Muka rabu biyu. Ni ina cikin masu zafi, har takarda na rubuta shafi shida da hujjoji, ina yawo da ita ɗaki-ɗaki. Sati uku ba mu da zance sai wannan.

A cikin satin nan uku akwai wani yaro a ƙarshen baranda, ɗan fari ne daga nesa, mai shiru-shiru. Ya kwanta ciwo, abokin ɗakinsa ya yi tafiya. Kwana uku ba wanda ya lura ba ya fitowa. Mu da muke ƙirga wanda ya saki hannu da wanda ya kama a sahu, ba mu ƙirga cewa sahun ya ragu da mutum ɗaya ba. Wanda ya balle ƙofar wani ne da muke yi wa kallon ɗan duniya, mai sauraron kiɗa, wanda ni da kaina na taɓa yi wa wa'azi a gaban mutane. Ya ce ya ga takalmin yaron a wuri ɗaya tun shekaranjiya. Shi ya goya shi zuwa bakin titi, shi ya biya kabu-kabu da kuɗin abincinsa. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, amma likita ya ce da an ƙara kwana da sai dai wani labarin.

Takardar nan mai shafi shida har yau tana cikin akwatina. In na ji kaina ya fara kumbura sai in ɗauko ta in duba.

Mu'allima: Innalillahi. Wannan ya tuna mini hadisin da ke cikin Muslim, inda Allah zai ce wa bawa ranar ƙiyama na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba, bawan ya ce ta yaya, a ce masa bawana wane ya kwanta ba ka je ba.

Mushe Mai Ritaya: To kun gani. Wurin da addini ya yi yawa, gardama ma yawa take yi.

Tsohon Ɗan Say: A'a Mushe, nan kam ban bi ku ba. Ai bai ce jami'ar addini ba ce. Ni abin da na gani akasin haka ne. Wanda ya karanta fiƙihu da zurfi, ya ga yadda Malikawa da Shafi'awa suka saɓa kuma suna sallah bayan juna, shi ne ke yin sanyi. Mai zafi galibi ɗan kaset ne, ya ji wa'azi biyu a waya ya ɗauka ya gama. Ranar da malaminmu ya jero mana maganganun malamai kan mas'ala ɗaya, kowanne da hujjarsa, na fita aji jikina a mace, don na tuna mutanen da na kafirta a zuciyata ina ɗan lise.

Ɗan Matamai: Ustaz ya yi gaskiya, ba ta addini ba ce. Kuma ni ɗan kaset ne a lokacin, ban ɓoye ba.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a yi hattara, na goge saƙo biyu. Ba a buɗe wannan magana don a zagi Izala ko ɗariƙa ba. Wanda ya sake zan fitar da shi sai bayan sallah.

Ɗiyar Sabon Gari: Ina gaida iyaye da yayye. Ni Kirista ce, a Damagaram aka haife ni, kakana ma nan aka binne shi. Na yi jinkirin magana don kada a ce ba hurumina ba ne, amma Baba Tela ya tambayi me unguwa za ta gani, mu ma unguwa ne. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 ina ƴar kolej. Kowa a nan ya san abin da ya faru, an ƙona coci-coci, an ƙona cibiyar al'adu ta Faransa, an rasa rayuka. Mu gidan maƙwabcinmu muka kwana biyu. Ɗansa, wanda ya yi karatun Larabci a waje, shi ya zauna a ƙofar gida kan tabarma da carbinsa, duk wanda ya zo ya ce masa baƙin babansa ne a ciki. Bai yi wa kowa faɗa ba, bai kuma tashi ba. Ban san me aka koya masa a can ba, amma na san abin da ya yi da shi. A jami'a kuma ƙawayena Musulmi ne, in suna azumi ni ke riƙe musu layi a resto, in ina coci ran Lahadi su ke ɗebar mini ruwa. In karatun addini irin na ɗan maƙwabcinmu yaron zai yi, ni ina goyon baya.

Telan Birni: Ɗiyata, hurumin ki ne. Allah kada ya maimaita mana irin wannan rana.

Ɗan Anfi: Amin. Tunda an ambaci ruwa, a nan ne ma ake gane mai hidima a garin nan. Damagaram kan dutse take zaune, ruwanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. In Afrilu ta kama, famfo sai tsakar dare yake tsiyaya, in ya tsiyaya. Wanda zai tashi ƙarfe biyu ya cika randunan alwala don mutane su samu na asuba, ba ya hawa mumbari, ba a san sunansa ba. Muna da irinsu biyu, ɗaya ma ɗan lissafi ne, ko Fatiha in ya ja sai an gyara masa maddi.

Alaramma na Mirya: Assalamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni idona ba ya ganin waɗannan ƙananan baƙaƙe. An karanta mini maganganunku duka.

Abin da kuke kira sabon abu, mu da shi muka tashi. A tsangaya yaro ba ya fara da allo kawai. Kolo shi ke ɗebo ruwa, titibiri shi ke yo itacen da za a hura a yi karatun dare, gardi shi ke noma gonar malam ya kuma kula da na ƙasa da shi. Ana cewa karatu da hidima ake samunsa, albarka kuma a hannun malam take. Na yi gabas shekara tara, na yi ƙasar Barno, ban riƙe ko dala ba, na dawo da Alƙur'ani a ka, na rubuta shi da hannuna sau biyu. Ban ce a koma wancan zamani ba. Na san abin da bara ta zama yau, ina ganin yaran a tasha, raina ba ya so. Amma abu ɗaya kada ku yar: mai karatu bawan jama'a ne. Yanzu sai yaro ya dawo da digiri ya ce ƙira'armu ta Warshu ba daidai ba ce don shi Hafsu ya koya, alhali duka biyun ingantattu ne. Ya gyara wa tsoho sallah a gaban jikokinsa. Wani kuma ya dawo, ya zo ya durƙusa, ya ce Malam ga abin da na samo, a duba mini. Su biyun makaranta ɗaya suka je.

Tela, tafiya neman ilimi sunna ce ta magabata, kada ka hana shi don tsoro. Amma ka yi masa tambaya guda. Ka ce: in ka tafi, wa zai ɗebo wa uwarka ruwa? Kada ka taimake shi da amsa. Ka dubi fuskarsa kawai.

Mushe Mai Ritaya: Allah gafarta Malam, wannan tambaya ta fi duk jarrabawar da na taɓa shiryawa. Amma ina nan kan bakana game da Faransanci.

Alaramma na Mirya: Ka zauna a kai, Mushe. Ni ma takardar asibiti jikana ke karanta mini.

Ungozomar Garin Malam: Akwai kuma abin da ba a faɗa ba, don maza ne suka fi yawa a nan. Uwar nan ba tuwo ne damuwarta ba. Ta binne miji, yanzu a ce ɗanta na fari ya yi tafiyar sama da kilomita 900, ya wuce Maradi, ya wuce Konni, ya wuce Doso, ya wuce Yamai, zuwa jihar Tillaberi da kullum ake jin labarinta a rediyo. In ta ce tuwo, tsoro take nufi. Kada a mayar da ita mai hana ɗa karatun addini. A zauna da ita, a bar ta ta faɗi abin da ke ranta, a nemo wanda yake can yanzu ya gaya mata yadda hanya take da yadda zaman yake a bana, ba labarin shekara goma da suka wuce ba.

Tsohon Ɗan Say: Wannan haƙƙi ne, Hajiya. Nawa labarin ya kwana biyu. Akwai ɗalibina da ke can yanzu, ya zo hutu, zan iya kawo shi har gida ya yi mata bayani da bakinsa. Kuma ko ina ya yi karatun, ƙarshenta gida zai dawo. In ya gama akwai serbis sibik na shekara biyu, wanda ƴan Najeriya ke ce wa irinsa bautar ƙasa. Ni a wani ƙauye na yi nawa, ajin zana, yara sun fi tebur yawa. Da rana ina malamin Larabci, da yamma ina rubuta wa mutane wasiƙa, ina raba gado, ina sulhunta miji da mata, har allurar rigakafi ni ake turawa in lallashi iyaye. Ba wanda ya tambaye ni makin da na ci a balaga.

Bafulatanin Tanut: Ustaz, gadon da ka raba akwai shanu a ciki? In babu ba gado ba ne.

Babarbaren Gure: Ka ji shi. Ana maganar lahira yana maganar shanu.

Ɗan Anfi: Baba Tela, ƙarin bayani kaɗan. Tamu jami'ar ƙarama ce a shekaru, a 2010 aka kafa ta tare da ta Maradi da ta Tawa, daga baya aka sa mata sunan André Salifou, ɗan garin nan masanin tarihi, wanda ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. In yaron ya zauna nan, ku turo mini shi. Ran Asabar muna zuwa Kara-Kara muna koya wa yara karatu da lissafi, hannu bai ishe mu ba, musamman mai Larabci. In kuma ya tafi Say, in ya zo hutu ma muna so.

Telan Birni: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya ban samu shigowa ba, ɗinkin biki ya riƙe ni. Na yi abin da Alaramma ya ce. Bayan lisha na kira shi shago, na ce in ka tafi wa zai ɗebo wa uwarka ruwa. Ya buɗe baki ya rufe. Ya ce ai akwai ƴan ga-ruwa. Na ce da kuɗin wa? Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, har na fara jin tausayinsa, amma na tuna an ce kada in taimake shi. Haka ya tashi ya tafi ba sallama mai ƙarfi.

Yau da asuba uwar ta aiko ƙanwarsa ta ce mini tun ƙarfe uku ya fita da kura da jarkoki shida, ya kuma tashi ƙaninsa mai shekara goma sha uku suka tafi tare, yana nuna masa yadda ake riƙe ta a gangara. Ban sani ba ko tuba ne ko shirin tafiya ne. Uwar dai har yanzu ba ta ce e ba. Kuma akwai baffanninsa a Kance, dole a ji ta bakinsu, kada gobe a ce kawu ya yi gaban kansa da ɗan mutane. Ran Juma'a bayan masallaci za mu zauna. Ustaz, in da hali ka zo da ɗalibin naka ran Alhamis, uwar ta fara jin nasa. Mushe, shi kuma Faransancin, akwai inda zai riƙa yi a hutun nan kafin a koma?

Mushe Mai Ritaya: Ka turo shi gidana bayan la'asar, Litinin da Laraba. Ya zo da kaye da bik. Ba na karɓar kuɗi, amma wuyan babbar rigata ya ɓare.

Telan Birni: A aiko da ita yau.

Tsohon Ɗan Say: Alhamis in sha Allahu, bayan magariba. In tafiyar ta tabbata, a saya masa gidan sauro mai kyau tun daga nan. Bakin kogi ne, sauron can ba irin namu ba ne.

Babarbaren Gure: Sauron ma na Fulani ne, siriri amma ba ya ƙoshi.